Alhaji da batir na uku

ALHAJI: Oga wallahi masu batir ɗin nan ba sa tsoron Allah, na uku kenan na saya a wata biyu kuma yau da safe sai da yara suka tura ni.

BAKANIKE: Ranka ya daɗe jar fitilar nan mai hoton batir, tun yaushe take kamawa?

ALHAJI: Ai kullum a kunne take, ba ita ke nuna batir na nan lafiya ba?

BAKANIKE: Inna lillahi! Ai ita ke nuna batir ba ya samun caji. Yaro miƙo mita. Alhaji duba, mota a kashe 12.4, lafiyayye cikakke 12.6 ne, to batir ba shi da laifi. Yaro tayar. Ka gani? 12.1, ƙasa ma ya yi, alhali in altaneta, wato mai cajin batir, na caji ya kamata mu ga 13.5 zuwa 14.5, kenan batir ne kaɗai ke ciyar da gida ba mai kawo cefane.

ALHAJI: Bar wannan mitar taka, cire kan batir kawai in ta mutu mun gane, haka muke yi tun kana goyo.

BAKANIKE: Wancan zamanin kafireto ne Alhaji, wannan in na cire wuta ta yi tsalle ta ƙona maka burenbos, wato kwamfutar motar, kai za ka fara kai ni ƙara.

YARO: Oga fanbel ya saki, ga shi sai sheƙi yake kuma baƙin mai na ɗiga kan altanetar.

BAKANIKE: Ba ka jin tana ƙiiii da safe?

ALHAJI: Na ɗauka sanyi ne.

BAKANIKE: Bel ne ke sulɓi. In gurnani ne kuma boris, abin da ke sa altaneta juyawa sumul, ya tafi. Man nan shi ke shiga ya dame burushin cikin altaneta, ga masu wanki su sa ruwa mai ƙarfi ciki, wani kuma wajen jona batir ya juya waya ya kashe dayod ɗin altaneta mai hana wuta komawa baya, sai mota ta kwana tana shan wuta. Bari mu ɗaure bel mu sake aunawa kafin mu kwance komai.

ALHAJI: Tsaya tsaya. Kenan batura biyun da na bar maka nan na ce ka zubar lafiyarsu ƙalau?

BAKANIKE: Yaro taka totur sosai, ba na jin Alhaji.