Wa ya ɗinka rigar da ke cikin gilashi?

Shiga gidan tarihi a Turai ko ma nan gida, za ka tarar da babbar riga mai aska takwas an rataye ta, a ƙasa an liƙa 'yar takarda: "Riga, Hausa, ƙarni na 19." Shi ke nan. Wanda ya zana askar, wanda ya yi wata da watanni yana soka allura, duk babu sunansu. Wannan giɓin aikin mai tsara baje koli ne ya cike shi, mu kuwa a Arewa mun mayar da shi mai gadin kaya.

Dubi Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan naira 20. Matan Gwari da ke gina tukwane ba su ƙirguwa, wasunsu ma ƙila hannunsu bai gaza nata ba. Amma tukwanenta sun shiga gidan Sarkin Abuja Sulaimanu Barau, Michael Cardew, Baturen Ingila maginin tukwane, ya gan su a can, ta shiga cibiyarsa ta koyar da ginin tukwane a Abuja (Suleja ta yau) a 1954, daga baya aka baje aikinta a Landan da sunanta a jiki. Zaɓar nan da rubuta sunan nan su suka raba ta da sauran.

Okwui Enwezor, haifaffen Kalaba, ya san ƙarfin kujerar mai tsara baje koli. Da aka ba shi ragamar Documenta ta 2002, babban baje kolin fasaha a Jamus, sai da ya kai muhawarar Legas da Delhi kafin a buɗe ƙofa a Kassel. A 2015 ya zama ɗan Afirka na farko da ya jagoranci babban baje kolin Venice. Bisi Silva kuwa gida ta zauna, ta buɗe cibiyarta ta fasahar zamani a Yaba, Legas, a 2007, ta tara littattafai, ta horar da matasa. Ni aikinta ya fi burge ni, don ba ta jira gayyatar kowa ba.

Ana ta murnar dawo da kayan Benin da Turawa suka kwashe a 1897, kuma murnar ta dace. To amma marinan Ƙofar Mata da dukawan Kano suna nan da ransu, ana iya zama a tambaye su wa ya koya musu, wane zane ne na gidansu. Jami'ar Zariya ta daɗe tana yaye masu zane. Ina laifin Gidan Makama, gidan tarihin Kano, ya ɗauki biyu daga ciki, ya tura su kasuwar Kurmi da littafi da biro?