A daina yi mana tallar sitem sel da sunan jijiyar jini

Tun da hukumar kula da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da Symvess, wata jijiyar jini da aka ƙera a ɗakin gwaji, a watan Disamban 2024 kanun labarai iri ɗaya ke ta yawo, wai masana sun ƙera jijiyar jini da sitem sel, wato ƙwayoyin halitta na asali da ke iya rikiɗa su zama wasu irin ƙwayoyin jiki, wai an kusa daina yanko jijiya daga ƙafar mutum a kai zuciya. Abin nan yana ci min tuwo a ƙwarya wallahi, don jijiyar da ake ta yayatawa babu ƙwayar halitta mai rai ko ɗaya a cikinta, balle wani sitem sel.

Yadda kamfanin Humacyte ke yin ta shi ne, a ɗauko ƙwayoyin tsokar jijiyar ɗan Adam a shuka su a kan wani bututun raga mai narkewa, a bar su wajen wata 2 cikin na'urar da ke bugawa irin bugun zuciya suna ta fitar da kolajin, sinadarin da ke ba fata da jijiya ƙarfi, har bututun ya yi ƙwari, sannan a wanke ƙwayoyin tas a bar bututun zalla. Wankewar nan ita ce dabarar, ita ke hana garkuwar jikin majinyaci ta far wa abin. Laura Niklason, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin, ta wallafa tushen wannan hanyar tun 1999, shekara 25 kenan kafin izini ya fito, kuma izinin ma na raunin hannu ko ƙafa ne, in an yi hatsari ko harbi kuma ba a samu jijiyar mutumin da za a ɗauka ba. Zuciya ba ta ciki sam.

To masu son labarin sitem sel za su ce ai ga aikin Toshiharu Shinoka a Japan. Gaskiya ne, daga 2001 ya riƙa ɗebo ƙwayoyi daga ɓargon yaran da aka haifa da nakasar zuciya, inda ake samun sitem sel, ya zuba a kan bututu mai narkewa ya dasa musu, yara 25, kuma jijiyar ta riƙa girma tare da yaron, abin da roba ba ta taɓa yi ba. Amma da shi da abokin aikinsa Christopher Breuer suka bi diddigi a jikin ɓeraye sai suka tarar ƙwayoyin da aka zuba ba su ne ke zama jijiya ba, cikin ƴan kwanaki suke ɓacewa, aikinsu kawai su kirawo ƙwayoyin garkuwar jiki, jikin da kansa ya gina sabuwar jijiya a kan ragar. Da aka maimaita gwajin a Amurka kuma, cikin yara 4 na farko 3 jijiyar ta tsuke musu har aka dakatar. Masu binciken ba su ɓoye wannan ba, su suka wallafa, masu kanun labarai ne ba sa kai wa nan.

Ainihin matsalar faɗin bututu ce. Jijiyar roba ta Dacron da ta Teflon an daɗe ana dasa su a manyan jijiyoyi lafiya lau, amma da zarar faɗin ya yi ƙasa da milimita 6 sai jini ya riƙa daskarewa a ciki ya toshe, jijiyoyin zuciya kuwa duk ƙanana ne. Shi ya sa har gobe likita ke yanko jijiyar ƙafa, wadda kusan rabi ke toshewa cikin shekara 10, ko ta ƙirji wadda sama da kashi 90 cikin 100 ke nan a buɗe bayan wannan lokacin. Wanda duk ya ce ya ƙera madadi, da wannan ta ƙirjin za a auna shi.

Wasu na cewa zuzutawar ce ke jawo kuɗin bincike, a bar ta. Su je su tambayi iyalan majinyatan Paolo Macchiarini, wanda ya dasa wa mutane maƙogwaron roba da aka jiƙa da ƙwayoyin ɓargo a asibitin Karolinska da ke Sweden daga 2011, duniya ta yi ta tafi, majinyatan suka mutu, kotun Sweden ta yanke masa shekara 2 da rabi a 2023. Kalmar sitem sel ɗin nan ce ta rufe wa mutane ido suka kasa tambayarsa ko ya fara gwadawa a dabba.

Ni ina son wannan fannin ya ci nasara, mai wankin ƙoda da jijiyoyin hannunsa suka ƙare yana buƙatarsa yau ɗin nan. Amma ɗan jarida in zai rubuta, ya tambayi faɗin bututun da shekarun da ya yi a buɗe a jikin mutum, kuma da me aka kwatanta shi, don ita kanta Symvess gwajin da aka dogara da shi wajen ba ta izini babu rukunin majinyata na biyu da aka yi wa wata hanyar daban don a kwatanta.