“Mushe bai kawo ba tukuna”: me ya sa ake riƙe wa manyan ɗalibai makinsu?

Idan la'asar ta yi sanyi a Yamai, tsaya bakin titi wajen Wadata ko Bukoki ka kalli masu wucewa. Akwai ma'aikacin da ya sauka daga aiki ya ɗaure jakar littattafai a bayan babur, da matar auren da ta bar tukunya a hannun ƙanwar miji, da ɗan kasuwar da ya rufe shago tun kafin magariba. Duk makarantar dare suka nufa. Mafi yawansu sun haura shekara talatin, kuɗin makaranta daga aljihunsu yake fita, kuma kowace awa da suka zauna a aji, daga barcinsu ko daga iyalinsu suka yanko ta. Waɗannan mutane ne nake ganin ana yi wa rashin adalci a wani abu da ake ɗauka ƙarami, wato sanar da su makinsu da inda karatunsu ya kai.

Ƙanena yana riƙe littafin kuɗi a wani shagon kayan gini a Katako. Ya shiga wata makaranta mai zaman kanta yana karatun lissafin kuɗi da dare. Sun yi jarrabawar zangon farko a Fabrairu. Daga nan kullum ya leƙa ofishin rajista amsa ɗaya ce: “Mushe bai kawo ba tukuna, ku dawo mako mai zuwa,” wato malamin bai kawo makin ba. Sai a Yuni aka liƙa sakamako a bango. Ya bi layin sunansa da yatsa, ya tarar an rubuta masa bai halarta ba a darasin da ya zauna ya cika takarda huɗu. Malamin ya yi tafiya, takardar ba a san inda ta shiga ba, zama na biyu kuma, wato jarrabawar da ake sake wa waɗanda ba su ci ba, saura kwana huɗu. Da dare ya zo gidana ya ce, “Yaya, da a Maris aka gaya mini, ai da na nemi malamin tun yana gari.” Ban sami abin ce masa ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne tsarin karatun da muke bi yanzu an gina shi ne a kan ɗalibi ya san lissafinsa. Tun 2007 UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da kuɗin sefa, ta umurci ƙasashenta su koma tsarin LMD: lisans shekara 3, masta 2, dakta 3. An raba shekara zango biyu, kowane zango kiredi 30 (ma'aunin karatun da ka kammala), sai ka tara 180 a ba ka lisans. Darasin da ka samu 10 cikin 20 ya shiga asusunka, wanda ka gaza kuma bashi ne da zai bi ka. Kamar adashi yake. To wace uwar adashi ce za ta ce wa masu zubi su jira ƙarshen shekara kafin su san wanda ya cika da wanda bai cika ba? Ƙanena da kansa, idan abokin ciniki ya tambaye shi bashin siminti, nan take yake buɗe littafi ya nuna masa. A makarantar da ke koya masa wannan sana'a kuwa, wata huɗu ya yi bai ga nasa littafin ba.

Maki yana da lokacin amfaninsa. Wanda ya samu 7 a gwajin tsakiyar zango, idan ya ji da wuri, zai nemi abokin karatu, ya rage hirar fada, ya roƙi maigidansa ya riƙa sakinsa da wuri ranar darasin. Yaro ɗan sakandare idan ya faɗi yana da shekaru a gabansa. Magidanci mai ƴaƴa huɗu idan ya rasa shekara guda, sau da yawa ba ya dawowa. Tun ran gini ran zane, in ji Hausawa, kuma sakamakon da ya zo bayan laka ta bushe labari kawai yake bayarwa.

Na san abin da malamai za su ce, kuma ba ƙarya suke ba. Ƙasar da ta fara da cibiya ɗaya ta ilimi mai zurfi a Yamai a 1971, wadda ta zama jami'ar Abdou Moumouni, ta buɗe jami'o'in Maraɗi da Tawa da Damagaram a 2010, ta ƙara na Agadas da Diffa da Doso da Tillaberi a 2014, ga makarantu masu zaman kansu birjik. Ɗalibai sun ƙaru fiye da malamai. Malami ɗaya yana iya koyarwa wuri uku, ya koma gida da tarin takardu, ya gyara su cikin zafin Afrilu, wutar lantarki tana zuwa tana tafiya. Wasu kuma da awa ake biyansu, kuɗin bai fitowa kan lokaci, sai su riƙe maki har a sallame su. Ina tausaya musu. Amma rigimar malami da mai makaranta ce, wanda ake garkuwa da shi kuma ya riga ya biya nasa kuɗin. Makarantar da ta iya aiko da saƙon tuni ranar 5 ga wata cewa ba a biya kuɗin wata ba, ta nuna tana da lambar kowa kuma ta iya aika saƙo.

Akwai kuma makarantun da ke ɓoye maki ga wanda ake bi bashi. A riƙe takardar shaida mai hatimi har ya biya, wannan ciniki ne, na fahimta. Amma a hana shi sanin ko ya ci ko ya faɗi, me aka ƙaru da shi? Mutumin da ya san ya ci ya fi saurin neman rance ya cika.

Ɗaya gefen matsalar shi ne yadda ake sanarwar idan ta zo. A da bango ne, yanzu wani ya ɗauki hoton takardar ya jefa a zauren WhatsApp na aji, da cikakken suna da maki. Kafin isha'i hoton ya fita daga zauren. Na san wata mata, uwar ƴaƴa, da ta samu 4 a darasi ɗaya. Kafin ta isa gida kishiyarta ta gani. Ba ta sake taka ajin ba. Mu da muka tashi cikin kunya mun san nauyin wannan. Dattijon da ake girmamawa a unguwa, ya zauna benci ɗaya da sa'annin ɗansa, ya riga ya haɗiye abu mai yawa kafin ya shigo. Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar HAPDP mai kula da ita, amma ko ba doka, hankali ya isa ya ce a sa lambar rajista maimakon suna. Ba ya cin ko dala.

Kuma a tuna babba ba shi da waliyyi a makaranta. Takardar sakamakon yaro ubansa ake kai wa. Ta babba tasa ce. Mijin da ya biya wa matarsa, ko ma'aikatar da ta tura ma'aikacinta ƙaro ilimi, suna iya son sani, amma ta hannun mai karatun ya kamata su ji, ko da yardarsa.

Gyaran bai buƙatar wata babbar na'ura. Wasu na ganin sai an kafa shafin intanet, alhali ɗalibin da ke aiki a ƙauyukan Tawa, ko wanda kuɗin intanet ya ƙare masa tsakiyar wata, gajeren saƙon waya ya fi isa gare shi, don yana shiga ko a ƙaramar salula. Abin da nake nema shi ne a rubuta wa'adi tun ranar rajista, a ce mako uku bayan kowace jarrabawa maki zai fito, kuma a riƙe malami da makaranta a kan haka kamar yadda ake riƙe ɗalibi a kan kuɗi. A mayar wa mutum takardarsa ya ga jan biron malami, domin 8 tsirara ba ta koya wa kowa komai, amma layi ɗaya a gefe mai cewa “ka juya zare da zubi” darasi ne. A ba da mako guda na ƙorafi, kuma kada a sa zama na biyu sai wannan makon ya wuce.

Haka ma azuzuwan yaƙi da jahilci, da ƙasar nan take gudanarwa tun shekarun 1960. Can ba a cika maganar maki ba, amma buƙatar ɗaya ce. Matar da ke koyon rubutun Hausa bayan ta gama daka, “kina ƙoƙari” ba ta ishe ta ba. A ɗauko littafinta na watan farko a ajiye kusa da na yau, ta ga da idonta yadda harafin ɗ ya daina kama da d.

Ƙanena ya shiga zama na biyu da karatun kwana huɗu, ya samu 9. Bana yana maimaita darasin, da sabon kuɗi. Takardarsa ta Fabrairu har yau ba a gan ta ba, kuma jiya da ya leƙa ofishin neman makin gwajin watan jiya, an ce ya dawo mako mai zuwa.