Minti 7 da daƙiƙa 12 na Hajiya

Duk mai zama teburin shayin nan na Bauchi Road a Jos ya san halina, ba sai na ɓata baki ba. Ni ne wanda in aka kunna waƙar fim zai dire kofi ya ja tsaki. Ni ne na taɓa kashe dare guda ina yi wa Dogo bayanin John Cage, mutumin Amurkan da a 1952 ya fito da kiɗa mai minti 4 da daƙiƙa 33, makaɗi ya zauna gaban fiyano bai taɓa komai ba, tarin da 'yan kallo ke yi da ƙarar kujeru su ne kiɗan. Dogo ya ce ai shi ma yana kaɗa irin wannan duk ƙarshen wata in mai gidan haya ya ƙwanƙwasa ƙofa. Tun daga ranar ya kamata in daina zuwa ko'ina da shi.

To, Asabar ɗin nan yaran Rayfield suka haɗa zaman sauraro a bayan gidan da kuka sani, mai bishiyar fiya. Za a fara da wasa kai tsaye, sannan mutum uku kowa ya gabatar da faifan da ya fi so. Ni ne na uku. Akwai doka: kowa ya miƙa wayarsa teburin Injiniya, in an kunna abu ba mai tashi, ba mai magana, ba mai katsewa sai ya ƙare. Ni na kawo dokar. Ni na rubuta ta da hannuna a kwali, har na ja layi biyu a ƙarƙashin "ba mai katsewa". Ku riƙe wannan.

Sanyin Jos kuwa ba a magana, kowa ya dunƙule cikin rigar sanyi, mu kusan talatin a kan tabarmi da benci. Wasan ya yi kyau, wannan ba zan tauye ba. Wani yaro ɗan Tudun Wada ya zo da kuntigi, irin na marigayi Ɗan Maraya da ya rasu a 2015, gwangwanin kifi da fatar akuya da tsirkiya ɗaya tal, ya jona shi da wasu ƙananan na'urori da yake takawa da ƙafa. Ya ɗan kaɗa sau ɗaya, na'ura ta riƙe ta yi ta maimaitawa, ya ɗora wani a kai, ya sake ɗora wani, kafin minti goma sai ka rantse makaɗa bakwai ne a wurin. Tsigar jikina ta tashi. Dogo kuma yana gefena yana ɓare gyaɗa, kowane ɓawo sai ya yi ƙas. Bayan yaron sai wata baiwar Allah mai tabarau ta kunna ruwan sama da ta naɗa yana dukan kwano, ta gauraya da hayaniyar kasuwar Terminus. Ita ma ku riƙe ta.

Na farko ya kawo William Onyeabor na Enugu, ya yi bayaninsa a taƙaice, mutumin kirki. Na biyu ya kawo Mdou Moctar, Buzun Nijar mai kaɗa jita da hagu, har da cewa faifansa na farko a Sakkwato ya naɗa shi a 2008, waƙoƙin suka yi ta yawo daga waya zuwa waya ta Bluetooth da katin memori. Wannan bayanin nawa ne, ni na faɗa masa a wajen shayi, ko sunana bai ambata ba. Na haɗiye. Na ce bari nawa ya zo.

Na miƙe, na gyara hula. Na ce yau zan kai ku Yamai, shekarar 1978. Na ba su labarin Mamman Sani, mutumin da ya samu ogan na lantarki ƙirar Italiya ya zauna shi kaɗai yana juya waƙoƙin gargajiyar Nijar a kai, rediyo da talabijin na ƙasar suka yi shekaru suna saka kiɗansa tsakanin shirye-shirye, kaset ɗin ya kusa ɓacewa sai a 2013 kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da shi duniya ta ji. Duk wannan gaskiya ne, kuma faifan har gobe shi ne na ɗaya a wurina. Da a nan na tsaya. Amma bakina ya ɗauki zafi. Na ce musu irin wannan sauti sai mai haƙuri, kunnen da aka raina da kiɗan biki ba zai gane ba da farko. Na ce duk abin da kuka ji, ko ya yi muku kamar kuskure, da gangan aka yi shi. Na juya na ce wa Injiniya ya shiga wajen fayilolin sauti ya danna na can sama. Da safe na kwafe shi don ya zama na sama. Abin da na manta, bayan la'asar Hajiya ta turo saƙon murya a WhatsApp, na ga minti 7 da daƙiƙa 12, na ce wannan sai na nutsu.

Na zauna. Sifiku biyu manya suka buɗe.

Guuuuuuu. Wani gurnani mai kauri, yana hawa yana sauka. Na san ba ogan ba ne. Amma wayata cike take da tarkacen sautuka da nake saukewa daga intanet, na ce ƙila ɗaya daga ciki ne, in na yi magana kuma na karya dokata. Na saci kallon jama'a. Mai tabarau ta lumshe ido tana gyaɗa kai. Wani Bature da aka zo da shi daga Abuja ya dafe ƙirji. Sai ƙarfe ya daki ƙarfe, ƙwal, ƙwal, can nesa akuya ta yi kuka. Na ji wani a baya ya ja numfashi irin na wanda abu ya ratsa. To ni wa? Ni ma na lumshe ido na shiga gyaɗa kai, har da ɗaga yatsa ɗaya sama alamar ku ji nan wurin. Kusan daƙiƙa arba'in ina wannan. Akuyar ta sake kuka, wani abu a raina ya ce kai, wannan akuyar kamar ka santa.

"Ke Ummi, ya fara ɗauka? Ina jan abin? To riƙe mini, hannuna da ƙullu."

Injin markaɗen maƙwabtanmu ne. Ludayin Hajiya ne a bakin tukunya. Akuyar kuwa tamu ce, mai baƙin kunne.

"Salamu alaikum. Auta, ni ce."

A wurin nan ba wanda ya san ni da Auta. Shekara uku ina gina sunan da suke kirana da shi. Kuma ku tuna a Jos muke. Da a Legas ne sai in ce waƙar baka ce ta mutanen Sahel. A nan kuwa ɗan Birom, ɗan Angas, Inyamurin da aka haifa a Apata, Bayaraben Nasarawa, kowa Hausa a bakinsa kamar ruwa. Mutum ɗaya ne tak bai ji ba, Baturen, shi kuma Allah ya zaunar da shi kusa da Dogo.

Hajiya ta fara da kuɗin adashe. Dubu 45 da na karɓa na ce za a gyara famfo, ashe in ji Ummi abin toshe kunne na saya, famfo kuma har yau sai an ɗaure shi da roba. Na yi wuf zan tashi. Mai tabarau, ido a rufe, ta ce shhh. Na ɗaga wa Injiniya hannu ina yanka wuyana da yatsa, ya dube ni, ya nuna kwalin da na rubuta, ya ɗaga mini babban yatsa. Yaron nan na san yana ji, don kafaɗunsa rawa suke.

Sai ta shiga maganar ƙarar da ke fitowa daga ɗakina da daddare. Wai Maman Biyu ta zaci firjinmu ne zai mutu har ta turo mai gyara, da aka ce mata ai waƙa ce nake ji sai ta yi salati ta ce a bincika yaron nan. "Na karɓo maka hayaƙi wajen malam, yana cikin leda a kan taga, ka turara kafin ka kwanta. Ba na son musu." A nan aka fara jin wani irin sauti daga benci na baya, irin na mutumin da ya cusa hula a baki.

Ni dai na kafa ido a kan wata 'yar fiya da ta faɗo ƙasa. Na san kamanninta yanzu fiye da fuskata. Gumi nake a cikin sanyin da ke sa mutum ya ga hucin bakinsa.

"Sai maganar yarinyar Anguwan Rogo."

Jama'a, na roƙi ƙasa ta tsage. Wai uwar yarinyar ta aiko. An tura ni zance, na je na zauna ban ce komai ba, na cusa wa 'yar mutane waya a kunne minti ashirin, ta shiga gida da ciwon kai tana tambaya ko lafiyata ƙalau. Don Allah ku ji nawa ɓangaren: minti goma sha ɗaya ne, kuma ita ta ce tana son kiɗa mai sanyi.

Sai shiru. Injin markaɗe kawai da 'yar hayaniya. Na ce alhamdulillahi. Wani ma har ya fara tafi. Ashe mantawa ta yi ana ɗauka, mai kayan miya ya leƙo, ta tsaya cinikin tattasai. Minti guda cur muna sauraron Hajiya tana cewa wannan kashin ai na ɗari biyu ne, bara ma da tsada ba a yi haka ba. Ta kori akuya. Ta ce wa Ummi ta rage wuta. Mai tabarau, wallahi, ta buɗe ido ta rubuta wani abu a ɗan littafinta. Har yau ina son sanin me ta rubuta.

"Ina na tsaya ma? Yauwa. Gajerun wandunanka da ka jiƙa a bokitina tun Laraba."

A nan wurin ya fashe. Yaron kuntigi ya kife a kan na'urorinsa har ɗaya ta yi ƙara.

Amma duk waɗannan na yafe musu. Dogo ne ban yafe wa ba. Tun daga "Auta, ni ce" mutumin nan ya matsa jikin Baturen ya zama tafinta, ba wanda ya sa shi. Dogon da ya faɗi Turanci sau biyu a jarrabawa, ranar nan harshensa ya warware kamar mai karanta labarai. Jimla bayan jimla. Inda kalma ta ƙare masa sai ya haɗa da hannu. Na gan shi da idona yana kwatanta famfo, yana kwatanta hayaƙi yana fifita shi zuwa hanci, da aka zo kan wando kuma ya miƙe tsaye, a wurin da aka hana tashi, ya nuna daga ƙugu zuwa cinya, ya tsoma a bokitin da babu, ya matse, ya ɗaga yatsu yana ƙirga Laraba, Alhamis, Juma'a, Asabar. Shi ba wanda ya ce masa shhh. Wannan Dogon fa shi ne ya ari katin memorina mai faifai sama da sittin da na yi shekara biyu ina tarawa, ya dawo mini da shi cike da fassarar finafinan Indiya, ya ce wai ya ga babu komai a ciki sai ƙara shi ya sa ya goge. Shi ne kuma duk ranar da muka hau Keke sai wayarsa ta yi ƙara daidai lokacin biya. Ranar ma ni na biya mana daga Terminus har Rayfield.

Hajiya ta rufe da addu'a, Allah ya shirya mata ni, ya ba ni mata mai haƙuri. Mutum talatin suka ce amin. Da ƙarfi. Har Baturen, da Dogo ya zungure shi.

Da aka kunna fitila Baturen ya zo ya riƙe hannuna da hannu biyu. Ya ce bai taɓa jin abu mai gaskiya irin wannan ba, yadda aka bar injin yana gudana a ƙarƙashin muryar, da shirun nan na tsakiya. Ya tambaya ko mai muryar tana wasa a gaban jama'a. Kafin in buɗe baki Dogo ya ce ƙwarai, kullum da asuba, shiga kyauta.

Mamman Sani dai ba a ji shi ba. Injiniya ya ce man janareto ya kusa ƙarewa, kowa kuma yana sauri kar abin hawa ya ɗauke ƙafa. Yaron kuntigi ya biyo ni har bakin titi wai in tura masa fayil ɗin, gurnanin injin nan yana da wani abu. Na ce masa ya je Gangare da safe ya naɗi nasa.

Na isa gida wajen sha ɗaya, Hajiya ba ta kwanta ba. Ta ce, "Auta, ka ji saƙona?" Na ce na ji, Hajiya. Ta ce to me ya hana ka amsawa, ko shi ma ba ka saurara har ƙarshe ba. Na ce wallahi har ƙarshe. Ta ce to bokitin.

Jiya na je shayi, tun daga nesa mai shayi ya ɗaga murya, "Auta, da madara ko baƙi?" Ban tambayi wanda ya faɗa masa ba. Dogo yana zaune a wurin da kofi a hannu, kuma ɗari huɗun Keken nan har yanzu bai ba ni ba.