Wanda ke gaba a ƙuri'ar jin ra'ayi ba shi ke da tikitin jam'iyya a Amurka ba

Kwanakin baya ƙanena ya turo min wani hoto a WhatsApp, alƙaluma ne na wata ƙuri'ar jin ra'ayi da aka yi a Amurka kan waɗanda ake ganin za su nemi tikitin takarar shugaban ƙasa a 2028, ga sunaye ga kashi-kashi an jera, sai ya rubuto a ƙasa, "Yaya ka ga ai an gama magana, wannan na saman shi ne." Na ce masa ɗan'uwa yi haƙuri, ganin Dala ba shiga birni ba ne. Zaɓen da ko mutum ɗaya bai jefa ƙuri'a ba tukuna, ta yaya za a ce an gama?

Ba shi kaɗai ba ne. Mu da muke bin siyasar Amurka daga nesa, a rediyo da Facebook da tashoshin waje, mun saba ɗaukar waɗannan alƙaluma kamar sakamakon hukumar zaɓe. Ni kuma abin da nake so in faɗa shi ne, a lokacin zaɓen firamare (zaɓen fid da gwani na cikin jam'iyya) musamman, ƙuri'ar jin ra'ayi ta ƙasa baki ɗaya tana auna wanda aka fi sanin sunansa ne a ranar da aka yi tambayar, ba wanda zai ci ba. Kuma abin da ya fi damuna ma ba kuskuren ba ne, yadda aka mayar da ita ƙofa ne, wadda take hana wasu shiga ɗaki tun kafin a ji abin da suka zo da shi.

Mu tuna 2007. Kusan shekarar gaba ɗaya Rudy Giuliani, tsohon magajin garin New York, shi ne a gaba a cikin 'yan Republican, ita kuma Hillary Clinton ta yi wa Barack Obama rata mai yawa a ɓangaren Democrat. Manyan masu sharhi har sun fara lissafin yadda karawar Giuliani da Hillary za ta kasance. Da aka zo jefa ƙuri'a Giuliani ko jiha ɗaya bai ci ba, ya zo na uku a Florida a ƙarshen Janairun 2008 ya tattara ya janye, John McCain wanda kamfen ɗinsa ya kusa rushewa saboda rashin kuɗi 'yan watanni kafin nan shi ya ɗauki tikitin. Obama kuwa kowa ya san ƙarshen labarin. Kafin su ma akwai Howard Dean na Democrat, wanda ya yi ta jan gaba a ƙarshen 2003, ya je jihar Iowa ya zo na uku, daga nan tauraronsa ya dushe.

To me yake jawo haka? Abu na farko, firamare a Amurka ba zaɓen rana ɗaya ba ne. Jiha-jiha ake bi, wata bayan wata, tun daga Janairu ko Fabrairu har zuwa Yuni, kuma abin da ake tarawa daliget ne ba yawan ƙuri'ar ƙasa ba. Mutumin South Carolina yana kallon abin da ya faru a Iowa da New Hampshire kafin ya yanke shawara, na Texas da California kuma suna kallon South Carolina. Kuma a nan duk 'yan gida ɗaya ne ke takara. A babban zaɓe mutum ya san jam'iyyarsa tun tuni, da wuya ya sauya, amma a firamare yana iya son mutum uku lokaci guda, yau ya ce wannan, jibi ya ga wancan ya yi ƙoƙari a muhawara ya koma can. Da yawa ma tambayar da ke ransu ba "wa nake so" ba ce, "wa zai iya kayar mana da na ɗaya jam'iyyar" ce, kuma amsar wannan tana canzawa duk sati.

Babu inda wannan ya fito fili kamar 2020. Joe Biden ya zo na huɗu a Iowa. A New Hampshire ya zo na biyar da kashi 8 cikin 100 da ɗan ɗoriya, bai ma tsaya jiran sakamako a jihar ba ya hau jirgi ya tafi South Carolina. A Nevada ya zo na biyu amma Bernie Sanders ya ba shi tazara mai nisa. A lokacin nan alƙaluman ƙasa sun koma nuna Sanders a gaba, ni kaina wallahi na cire rai da Biden, na ce wannan dattijo ya gama. Sai ranar 26 ga Fabrairu Jim Clyburn, ɗan majalisar wakilai baƙar fata da ake jin maganarsa sosai a South Carolina, ya fito ya mara masa baya. Ranar 29 ga wata Biden ya lashe jihar da kashi 48, Sanders yana da kusan 20. Washegari Pete Buttigieg ya janye, Amy Klobuchar ta bi shi, suka koma bayan Biden, ranar Talata 3 ga Maris ya ci jihohi 10 cikin 14 da aka yi zaɓe. Kwana uku kacal tsakanin South Carolina da wannan Talatar. Wace ƙuri'ar jin ra'ayi ce da aka yi a tsakiyar Fabrairu za ta hango wannan? Shi kuma Michael Bloomberg da ya zuba kusan dala biliyan 1 daga aljihunsa har alƙaluma suka ɗaga shi, abin da ya ci kawai shi ne tsibirin American Samoa.

Ku lura da su waye suka juya zaɓen nan. Iowa da New Hampshire kusan duk fararen fata ne. A South Carolina kuwa fiye da rabin waɗanda suka fito firamaren Democrat baƙaƙen fata ne, yawancinsu manya, iyaye mata da kakanni masu zuwa coci, mutanen da ba sa hayaniya a Twitter, ba su ne ake gayyata tashoshin talabijin ba. Sun san Biden shekara takwas yana mataimakin Obama, sun yi shiru suna jiran ranarsu. An yi wata guda ana rubuta wa mutum ta'aziyya alhali waɗanda suka fi riƙe jam'iyyar ba a zo kansu ba tukuna.

Abu na biyu shi ne yadda ake yin awon kansa. Wanda ya taɓa sayen hatsi a Dawanau ya san ba a zazzage buhu duka don a ga kyan masara, ɗan ƙarfen nan ake sokawa a zaro kaɗan a tafin hannu. Amma mai wayo yana soka sama ya soka tsakiya ya soka ƙasa, don ya san ana iya zuba mai kyau a baki a ɓoye ruɓaɓɓiya a gindi. Haka ƙuri'ar jin ra'ayi take. Mutum 1,000 sun isa su ba ka hoton ƙasa guda, da kuskuren da bai wuce kashi 3 sama ko ƙasa ba, in dai an soka ko'ina. Matsalar ita ce yanzu sokawar ta yi wuya. Cibiyar bincike ta Pew da ke Amurka ta ce a 1997 kashi 36 cikin 100 na gidajen da ta kira a waya suna amsa tambayoyinta, zuwa 2018 abin ya faɗo kashi 6. Ka ɗauka kai ne, ka dawo daga aiki a gajiye an sa maka abinci, wayarka ta yi ƙara da lambar da ba ka sani ba, wani yana so ya riƙe ka minti goma sha biyar yana tambayarka shekarunka da albashinka da wanda za ka zaɓa. Waɗanda suke haƙuri su amsa wasu irin mutane ne na daban, galibi masu shekaru, masu ilimin jami'a, masu son siyasa. Kamfanonin suna ƙoƙarin gyara wannan da lissafi, a ƙara wa rukunin da ya yi ƙaranci nauyi, amma a firamare akwai wata wahalar a kai, dole su yi hasashen wa zai fito ranar zaɓe, kuma masu fitowa firamare kaɗan ne idan aka kwatanta da babban zaɓe.

Michigan ta 2016 ita ce babban misali. Har jajibirin zaɓe alƙaluma suna nuna Hillary Clinton ta ba Sanders ratar kusan maki 20. Ranar 8 ga Maris na kwanta da sanin cewa magana ta ƙare, na tashi sallar asuba na duba waya na ga Sanders ne ya ci, da tazarar da ba ta kai maki 2 ba. Sai da na sake karantawa. Matasa sun fito fiye da yadda aka zata kuma kusan duk shi suka yi, 'yan ba-ruwanmu da ba su da katin jam'iyya su ma dokar jihar ta ba su damar shiga, sannan masu awon ba su da wani zaɓen baya na kirki da za su kwatanta da shi don a firamaren Michigan na 2008 sunan Obama ma ba ya kan takardar ƙuri'a. An soka buhun a sama kawai. Irin haka ta faru a New Hampshire a Janairun 2008, amma a wancan karon Hillary ce ta amfana, an ce Obama zai ci da rata, ita ta ci.

Kar a ce na ce duk ƙarya ce, ba haka nake nufi ba. Daga Yulin 2015 alƙaluma sun yi ta nuna Donald Trump a gaban 'yan Republican, masu sharhi ne suka ƙi yarda, suna cewa zai faɗo, bai faɗo ba. A 2024 ma sun nuna ya yi wa kowa fintinkau, kuma haka aka yi, ya samu kashi 51 a Iowa, Nikki Haley ba ta ci komai ba sai birnin Washington da jihar Vermont. Idan rata ta yi yawa kuma ta daɗe ba ta motsa ba, kuma mutane sun riga sun san ɗan takarar ciki da bai, to a saurari alƙaluma. Inda suke ruɗin mutane shi ne fili mai cunkoso, mutum goma ko ashirin, watanni da yawa kafin a fara, wannan yana da 18 wancan yana da 15 ana ta buga kanun labarai a kan bambancin da bai wuce girman kuskuren awon ba.

Sai maganar ƙofa, wadda ita ce ta fi ci min rai. A Agustan 2015 tashar Fox News ta ce mutum goma na saman alƙaluma su ne za su hau babban dandalin muhawara, sauran aka ware musu wata ƙaramar zama da yamma kafin mutane su taru. A 2019 jam'iyyar Democrat ta sa sharaɗin ko ka samu kashi 1 a ƙuri'un jin ra'ayi uku ko ka kawo masu ba da gudummawa 65,000, daga nan aka riƙa ƙara tsaurara sharaɗin wata bayan wata. Zuwa muhawarar Janairun 2020 mutum shida suka rage a dandali, dukkansu fararen fata, a jam'iyyar da ta fara takarar da Kamala Harris da Cory Booker da Julián Castro, kuma a lokacin ko mutum ɗaya bai kaɗa ƙuri'a ba. Ka ga yadda abin yake zagayawa, ba ka hau a alƙaluma ba don ba a san ka ba, ba za a sa ka a muhawara ba don ba ka hau ba, masu kuɗi su ja hannu don ba su gan ka a muhawara ba, sai ka janye kafin talakan South Carolina ya ga sunanka. Na san dole a rage yawan mutane, ba a iya muhawara da mutum ashirin da biyar, amma bai kamata wasu ɗaruruwan mutane da suka ɗaga waya su yi aikin da na masu zaɓe ne ba.

Mu a nan namu ciwon daban ne, daliget ƙalilan ake tarawa a filin taro kuma kowa ya san abin da ke yawo a daren. Amma mun ɗanɗani ruɗin alƙaluma a 2023, lokacin da wasu ƙuri'un jin ra'ayi suka nuna Peter Obi a gaba aka yi ta yaɗawa, ba a kula da ɗimbin waɗanda suka ce ba su yanke shawara ba ko suka ƙi faɗa, ba a kuma tambayi ko an kai ga manomin ƙauye da matar da ke cikin gida ba. Shi ya sa na ce wa ƙanena duk lokacin da ya ga irin hoton nan ya duba abu uku kafin ya tura wa wani, mutum nawa aka tambaya, a wace jiha, kuma nawa ne suka ce ba su sani ba tukuna.

Akwai kuma fushin da tambayar "wa za ka zaɓa" ba ta iya kamawa. A farkon 2024 Biden yana kan mulki, ba shi da wani abokin hamayya na kirki a jam'iyyarsa, alƙaluman ƙasa suna nuna ya yi nisan da ba a ma maganarsa. Amma a Michigan Larabawa da Musulmin garin Dearborn da matasa da ke ƙuna saboda jinin da ake zubarwa a Gaza da makaman Amurka suka shirya, suka ce ranar 27 ga Fabrairu kowa ya je ya dangwala gurbin da ke nuna ba ya bayan kowane ɗan takara. Masu shirya abin ƙuri'a 10,000 suka sa a gaba. Sama da 100,000 suka samu, kashi 13 cikin 100. Biden ya ci jihar da babban rinjaye, jam'iyya ta wuce kamar ba a yi komai ba, ko a babban taronta na Chicago a Agusta ba ta yarda Bafalasɗine ya hau mumbari ya yi magana ba. A Nuwamba Trump ya ci Michigan da ƙuri'a kusan 80,000, kuma ya zo na ɗaya a Dearborn, garin da Biden ya lashe da gagarumin rinjaye shekara huɗu kafin nan.