Ƙannena, garin neman gira kada ku rasa ido

Jiya bayan isha'i na tsaya wani kemis wajen Ƙofar Ƙaura in sayi maganin mura. Sai ga wani saurayi, bai fi shekara 24 ba, ya sunkuya ya yi wa mai shagon raɗa. Aka miƙo masa shuɗiyar ƙwayar ƙarin ƙarfin maza, wato Viagra, guda biyu, ya watsa baki a gabana, ya kora da lemon gwangwani, abokinsa na cewa, "Ango, yau sai kai!" Wallahi har na kwanta raina a ɓace.

Ƙannena, me ya lalace a jikinku da kuke gyarawa? Idan sha'awa ta motsa, jijiyoyi da bangon hanyoyin jini suna sakin wata iska mai suna naitirik oksayid. Ita ke sa hanyoyin jinin gaba su saki, jini ya kwarara ya cika. Masana uku na Amurka, Robert Furchgott da Louis Ignarro da Ferid Murad, sun samu lambar Nobel a 1998 saboda gano aikin wannan iska a hanyoyin jini, kuma a shekarar ne aka amince da Viagra a can. Ƙwayar ba ta haifar da iskar, tana dai hana saƙonta saurin gushewa. Don masu larura aka yi ta, bisa umarnin likita. Kai da Allah ya ba lafiya kyauta, me kake nema a ciki?

Garin neman gira ake rasa ido. Wanda ke shan maganin ciwon ƙirji irin na sakawa ƙarƙashin harshe, in ya haɗa da ƙwayar nan, jininsa na iya faɗuwa warwas, ya yanke jiki. Wani kuma gaban ya ƙi kwanciya, in ya wuce awa 4 ba a je asibiti ba, gaban na iya daina aiki har abada. Masu sikila sun fi kowa shiga wannan haɗari, ga su kuwa a gidajenmu. Duk da haka kuna ta haɗiya kamar gyaɗa!

Abin da ya fi ƙona min rai, ku ɗin ne ke kwana kan shisha da sigari. Hayaƙin nan, da ciwon suga, da hawan jini, su ke lalata bangon hanyoyin jinin da ke samar da iskar. Ka rushe rijiya da hannunka, ka koma sayen guga. In rauni ya zo kuma, sai a ruga wurin mai lasifika a bakin kasuwa, ya ce basir ne, alhali wani lokacin gargaɗi ne cewa hanyoyin jinin zuciya ma sun fara toshewa. Ku je a duba ku.

A da, saurayi ko sunan irin wannan abu ba ya iya furtawa inda babba yake tsaye. Ango kan samu kawu ko yayansa ya ja shi gefe, ya gaya masa abin da ya kamata cikin sirri. Yaron jiya ya ga furfurata sarai, bai ko sunkuyar da kai ba, ya karɓi canjinsa ya hau babur.