Matar da ta haifi 'ya'ya mata ba ta yi wa kowa laifi ba

Har yanzu nakan ji mutanen da suka yi karatu mai zurfi suna cewa wance “ba ta haihuwar maza”, kamar dai ita ce take zaɓen abin da za ta ɗauka a cikinta. Duk wanda ya san yadda halittar jariri take farawa ba zai furta wannan magana ba.

A cikin kusan kowace ƙwayar halitta ta jikin mutum akwai kromosom 46, wato wasu ƙananan zaruruwa masu ɗauke da umarnin halittar da mutum ya gada, an jera su biyu-biyu har jeri 23, rabi daga uwa, rabi daga uba. Jeri na ƙarshe ne yake da alaƙa da jinsi: mace tana da X guda biyu, namiji kuwa yana da X da Y. Ke nan ƙwan da mace take saki ba ya ɗauke da komai sai X, domin abin da take da shi ke nan. Maniyyin namiji ne ya kasu gida biyu, wasu ƙwayoyin na ɗauke da X, wasu na ɗauke da Y, kuma wadda ta riga shiga ƙwan ita ce ta yanke magana. Wata masaniya 'yar Amurka, Nettie Stevens, ta nuna wannan tsari tun 1905 a jikin wasu ƙwari.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, a makonnin farko ba a bambance tayin namiji da na mace. Sai wajen mako na shida zuwa na bakwai wani ɗan guntun umarni da ke kan Y, wanda aka gano a 1990 aka sa masa suna SRY, yake sa 'ya'yan maraina su fara samuwa. Idan babu shi, jiki ya kama hanyar zama mace.

To, kada kuma a juya laifin kan miji, domin shi ma ba shi da iko a kan wace ƙwaya ce, cikin miliyoyin da suka fita, za ta isa. Kowane ciki sabon lissafi ne, kusan rabi da rabi, kuma a cikin iyalai 16 masu 'ya'ya huɗu, ana sa ran kusan guda ya samu mata zalla ba tare da wata matsala a jikin kowa ba.

Sarki Henry na Takwas na Ingila bai san duk wannan ba. Neman magaji namiji ya sa ya rabu da matarsa ta farko, ta biyu kuma, Anne Boleyn, aka sare mata kai a 1536 bisa wasu zarge-zarge bayan ba ta ba shi ɗa namiji ba. 'Yar da ta haifa masa, Elizabeth, ita ce ta hau gadon sarauta a 1558, ta yi shekara 44 tana mulki.